Ina Murnau ya koyi aikin fim kafin Nosferatu?

Aminu, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Daren jiya, bayan an ɗauke wuta, na kalli Nosferatu na 1922 a wayata, kuma har yanzu inuwar nan mai dogayen farata da ke hawa matakala ba ta bar idona ba. Duk da babu magana a cikinsa, ban ga alamar hannun ɗan koyo ba. Don Allah, ina darakta Murnau ya ƙware haka, kuma me ya yi kafin wannan fim?

Malam Bello, Mabera:
Wa alaikumus salam, Aminu. Ba da kyamara ya fara ba. An haife shi a garin Bielefeld na ƙasar Jamus a 1888 da sunan Friedrich Wilhelm Plumpe, sunan Murnau kuwa na wani ƙaramin gari ne a kudancin Jamus da ya ara. Ya karanta adabi da tarihin zane-zane a Heidelberg, sannan Max Reinhardt, gogan wasan dandamali na Berlin, ya gan shi a wasan ɗalibai ya jawo shi makarantarsa. A ganina, inuwar da ta kama ka daga nan ta samo asali, domin wanda ya shekara yana nazarin zanen magabata, ya kuma ga yadda ake sarrafa fitila a dandamali, ya riga ya san inda haske zai sauka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya katse masa hanzari: ya yi sojan ƙasa, ya koma rundunar sama, har ya sauka a Suwizalan aka tsare shi, kuma can ɗin ma wasan dandamali ya shirya.

Hajiya Rabi, Gawon Nama:
Malam ya yi bayani, amma akwai abin da ke damuna. Yawancin finafinansa na farko sun ɓace. Na farkonsa, Der Knabe in Blau na 1919, babu shi, haka ma Der Januskopf na 1920 da Conrad Veidt ya fito a ciki. Mafi daɗewa da ake iya kallo shi ne Der Gang in die Nacht na 1921. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ke ruɓewa, kuma yana saurin kama wuta. Nosferatu ma da ƙyar ya sha, domin matar marigayi Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta kai ƙara cewa an ɗauki labarin littafin ba izini, kotu ta ba da umarnin lalata kwafinsa a 1925, sai dai wasu sun riga sun bazu. Da na buɗe kwalin kaset-kaset ɗin mahaifina bara, na tarar zafin Sakkwato ya manne zarensu wuri guda, sai na gane yadda hakan ke faruwa. Saboda haka, ƙanena, ba mu ga tuntuɓen Murnau ba ne kawai, shi ya sa ya yi maka kama da wanda aka haifa gwani.

Aminu, Runjin Sambo:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Zan nemi Der Gang in die Nacht in duba ko inuwar ta riga ta bayyana a cikinsa.