Me ya haɗa tetanus da furotin ɗin SNARE?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu karatun likita a taimaka. Na gane cewa sinadarin da jijiya ke aika saƙo da shi yana ƙunshe cikin wasu 'yan jakunkuna a bakin jijiyar, to me ke sa jakar ta manne da fatar ƙwayar har ya zubo waje? Kuma malaminmu ya ce nan tetanus ke ɓarna, wannan kam ban gane ba sam.

Yayanku na Shika:
Wa alaikumussalam ƙanena. Fatar jakar da ta ƙwayar duk maiƙo ne, ba sa haɗuwa haka kawai sai an ja su da ƙarfi. Furotin uku ke wannan aikin, synaptobrevin a jikin jakar, syntaxin da SNAP-25 a jikin fatar, su ake kira SNARE. Suna nannaɗe juna kamar ana tufka igiya mai sili huɗu, SNAP-25 ya ba da biyu, sauran ɗai-ɗai, tufkar na tsukewa fatocin na matsowa, amma ba a ƙarasawa sai kalsiyam ya shigo ya kama wani furotin na jikin jakar mai suna synaptotagmin, nan take ƙofa ta buɗe, ko kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba a kaiwa. Bayan nan wani furotin mai suna NSF ya zo ya warware su da ATP, wato makamashin ƙwayar. Wannan fannin ya ba Rothman da Schekman da Südhof kyautar Nobel a 2013.

Anti Nas Tudun Wada:
Bari in amsa maka na tetanus ɗin, don mu muke ganinsa a gado. Dafin yana bin jijiya ya hau har laka, ya datse synaptobrevin a ƙwayoyin da aikinsu hana tsoka wuce gona da iri, sinadaran da suke aika saƙon da su, wato GABA da glycine, su kasa fita, shi ya sa za ka ga haƙora sun sarƙe, baya ya gantsare, ɗan motsi ko ƙara kaɗan jiki ya sandare. Na jarirai ya fi taɓa ni wallahi, cibiya ce kawai aka yanke da reza marar tsafta, jariri ya kasa kama nono. Ku riƙa tura matanku awo a yi musu allurar rigakafin tetanus.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri Anti. To dafin botulinum da ake samu a gurɓataccen abinci fa, ai shi ma SNARE yake yankewa, me ya sa shi jiki ke saki?

Yayanku na Shika:
Wurin ne ya bambanta. Shi a mahaɗar jijiya da tsoka yake tsayawa, nau'in A ya yanke SNAP-25, acetylcholine, sinadarin da ke umartar tsoka, bai fita ba balle tsoka ta motsa.