Muhawara: Majalisa biyu ɓata lokaci ce, ko garkuwar jihohi?

Malam Habu: Salamu alaikum, jama'a. Ni dai ra'ayina shi ne ƙasa ba ta bukatar majalisar dokoki biyu. Ku dubi wahalar da ƙudiri ke sha: karatu na ɗaya, na biyu, zaman kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku. Sai a miƙa shi ɗaya majalisar a koma farko. In sun saɓa ko a sashe guda, sai an kafa kwamitin sasantawa. Danmak ta soke majalisarta ta biyu a 1953, Suwidin ta koma majalisa ɗaya a 1971, Senegal ta rushe ta dattawa a 2012. Wace doka ce ta gagare su?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, duk ƙasashen da ka lissafa babu mai tsarin tarayya a cikinsu. A nan gizo ke saƙa. A tarayya, kundin tsarin mulki ya raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, kuma dole jihohi su samu baki a inda ake yin dokar da za ta hau kansu. A taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka, wannan batu ya kusa wargaza zaman. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce ba su yarda a haɗiye su ba. Aka sasanta: majalisar wakilai bisa yawan mutane, ta dattawa kuwa kowace jiha kujera biyu. Ba don haka ba, da wuya ƙananan su sa hannu.

Ɗanlami: Hajiya, da izininki, wannan sasantawar ce ma ta fi ci mini rai. Kalifoniya na da mutum kusan miliyan 39, Wayomin ba ta kai dubu 600 ba, amma sanata biyu-biyu gare su. Ina adalci a nan?

Hajiya Binta: Ƙanena, adalcin yawa yana majalisar wakilai mai kujeru 435, inda Kalifoniya ke da fiye da 50, Wayomin ke da ɗaya tak. Doka ba ta wucewa sai ta samu rinjayen jama'a da na jihohi baki ɗaya. Haka a Najeriya: wakilai 360, sanatoci 109, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja.

Malam Habu: Na ji, kuma na yarda misalaina ba su dace da tarayya ba. To amma ki gaya mini gaskiya, sanata jiharsa yake bi ko jam'iyyarsa? Ranar ƙuri'a, sanatoci biyu na jiha ɗaya sukan raba gari idan jam'iyyunsu daban ne. Kafin 1913 majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatocin Amurka, sai gyara na 17 ga kundin tsarin mulki ya mayar da zaɓen hannun jama'a. Daga nan sanata ya zama ɗan majalisar wakilai mai faɗin mazaɓa, shi ke nan.

Malama Rabi: Wannan maganar ta Malam Habu ita ce zuciyar batun, kuma ina tare da shi a rabinta. Sai dai ni maganin da na gani shi ne gyaran tsarin majalisar. A Jamus, majalisar jihohi da suke kira Bundesrat ba a zaɓen membobinta kai tsaye. Gwamnatocin jihohi 16 ne ke tura wakilansu, kowace jiha na da ƙuri'a uku zuwa shida gwargwadon jama'arta, jimilla 69. Kuma dole jiha ta kaɗa ƙuri'unta a dunƙule, ba a rabawa. Dokokin da suka taɓa kuɗin jihohi ko ikonsu ba sa wucewa sai da amincewarta, sauran kuwa tana iya nuna ƙin yarda amma majalisar wakilai ta rinjaye ta. Ka ga ba maimaita aiki take yi ba, aikinta daban. Wannan ya amsa ƙorafin Ɗanlami ma, tunda ba a daidaita babba da ƙarama ɗari bisa ɗari ba.

Ɗanlami: Yaya Rabi, in gwamna ne zai tura wakilai, ashe ɓangaren zartarwa ya shigo cikin yin doka ke nan. Ina rabon iko?

Malama Rabi: Tambayarka na da nauyi. Jamus tsarin firaminista take bi, gwamnatin jiha daga majalisar jiha take fitowa, kuma majalisar na iya sauke ta. A tsarin shugaban ƙasa, inda gwamna ke da wa'adinsa a hannu, ni ma zan ji tsoron ba shi wannan dama. Can sai dai a koma ga majalisun jihohi su yi zaɓen, kamar yadda Indiya ke zaɓen mafi yawan 'yan majalisarta ta biyu, Rajya Sabha.

Malam Habu: To na janye batun rushewa a ƙasar tarayya. Amma jinkirin nan har yanzu yana damuna.

Hajiya Binta: Wani jinkirin da gangan aka gina shi, Malam. Ranar da shugaban ƙasa ya ƙi amincewa da ƙudiri, a Amurka da Najeriya sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince kafin ƙudiri ya zama doka ba tare da shi ba. Ranar kuma da shugaba ya mallake majalisa ɗaya, ta biyun ce za ta iya tsayar da shi.

Malam Habu: In ya mallake duka biyun fa, Hajiya?

Hajiya Binta: Sai a garzaya kotu a duba ko dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. In kundin yake son taɓawa, sai ya bi ta kan jihohi: a Amurka 38 cikin 50, a Najeriya 24 cikin 36.