Neman kalma: me za mu kira “iron deficiency” kafin shirin gobe?

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Gobe da ƙarfe bakwai na safe zan gabatar da shirin lafiya a rediyo, kan yaran ƙasar Tailan. Ƙasar ta yi nasara sosai wajen rage tamowa tun shekarun 1980, sai ga shi yanzu ƙiba ta shigo. Binciken abincin yara da masanan Jami'ar Mahidol ta ƙasar suka gudanar, wanda aka buga a 2013, ya nuna matsalolin biyu suna nan tare a ƙasa ɗaya: yara masu nauyi fiye da kima, da yara masu “iron deficiency”, wato rashin isasshen sinadarin ƙarfe a jiki. Abin da ya fi ɗaure min kai, ƙibar kanta tana iya jawo wannan rashin. Na rubuta “ƙarancin ƙarfe”, na karanta wa ƙanwata a waya, sai ta ce ai dama mai ƙiba ba shi da ƙarfi. Kun ga inda gizo ke saƙar. A rediyo ƙarfe da ƙarfi kusan abu ɗaya ne a kunne. Ku taimaka.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ki ce ƙarancin jini kawai, Hajiya. Kowace uwa ta san shi.

Likitan Yara:
A'a, Baban Khalifa, nan ne ba zan yarda ba. Ƙarancin jini shi ne ƙarshen tafiya. Kafin a kai can, ajiyar sinadarin a jiki ce ke fara ƙarewa, yaro yana yawan gajiya, hankalinsa ba ya tsayawa a aji, alhali in an auna jininsa za a ga bai faɗi ba tukuna. Kuma a Tailan musamman, kalmar za ta ɓatar da mai sauraro, domin suna da cutar jini ta gado mai suna talasimiya da yawa, musamman a yankin Isan na arewa maso gabas. Ita ma tana kawo ƙarancin jini, kamar yadda sikila ke yi a wajenmu, amma ba don sinadarin ya yi kaɗan ba. Wani mai talasimiya ma yawa sinadarin ke yi masa har ya cutar da shi. A asibiti “sinadarin ayon” muke cewa.

Malam Mai Nahawu:
Ayon! Inna lillahi. Likita, da girmanka. Harshen da ya yi maƙera tun kafin Bature ya san hanyar Kano, shi ne zai rasa sunan ƙarfe har sai ya ara? Muna da kalma: tama. Tama ita ce dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, wato asalinsa tun bai zama fartanya ko wuƙa ba. Abin da ke cikin jini shi ma ba ƙarfen ƙira ba ne, asalin ne. Don haka: tamar jini. Rashinta kuma, yunwar tama. Na daɗe ina ba ɗalibaina wannan, kuma suna kamawa nan take.

Ɗan Damagaram:
Ina bayan Malam a rabin magana. Ku 'yan Najeriya kuna mantawa rediyonku na tsallako iyaka. Mu nan a likita “fer” ake cewa, na Faransanci. In Hajiya ta ce ayon, tsohuwata a Mirriya ba za ta gane komai ba. Amma gaskiya tama ma, sai na tsaya na yi tunani kafin na tuno ta.

Malam Mai Nahawu:
To ai shi ne ciwon. Kalmar kakanninka sai ka yi tunani, ta Faransa kuwa tana bakinka. In 'yan rediyo ba su raya kalma ba, wa zai raya ta?

Ustaz Na Zariya:
Allah gafarta Malam, in asali ake nema, akwai “hadid”. Sura guda ce a Alƙur'ani, duk wanda ya yi makarantar allo ya taɓa jin sunan. Aro daga Larabci kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu.

Malam Mai Nahawu:
Aro dai aro ne, Ustaz, ko daga gabas ko daga yamma. Wanda yake da hatsi a rumbu ba ya zuwa bara.

Anti Nas:
Malam, ku yi haƙuri, amma ni da nake zaune da mata a ɗakin awo kullum zan faɗi abin da na gani. Na taɓa gwada “ƙarfe” da wata mai ciki, ta zaro ido ta ce, “Anti, ƙarfe za ku ba ni in haɗiye?” Da na ce jan maganin nan na ƙarin jini, sai ta saki jiki. In na ce mata tama, tamowa za ta ji, tunda sautin ya yi kusa. A shirin da ke magana kan yara masu ƙiba kuwa, wannan ruɗani ne babba.

Malam Mai Nahawu:
Rashin sani ba hujja ba ne. A koya musu.

Baban Khalifa:
A cikin minti goma sha biyar na shiri? Malam, ku da kanku kwamfuta kuke cewa, ban taɓa jin kun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa a hira ba.

Malam Mai Nahawu:
A rubuce nakan ce. Kuma kai ba ka isa ka auna min Hausa ba, yaro.

Maman Ilham:
Don Allah a bar wannan, dare na yi. Likita, bayyana min yadda ƙiba ke jawo abin, da Hausar da zan iya maimaitawa.

Likitan Yara:
To. Kitse in ya taru da yawa, yana sa jiki cikin wani ɗan kumburi na ciki wanda ido ba ya gani. Wannan kumburin yana sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda sai wajen shekarar 2000 aka gano shi. Aikinsa kamar na mai gadi ne: yana rufe ƙofar da sinadarin ayon ke bi daga hanji ya shiga jini. Yaro zai ci nama, ya ci hanta, amma kaɗan ne zai wuce. Wani bincike da aka buga a 2008 ya auna wannan a jikin matan Tailan, aka ga mai nauyi da yawa tana tsotsar kaɗan daga abinci iri ɗaya. Ga kuma cimar kanta: shinkafa fara, kayan zaƙi, shayin madara mai sanyi da suke sha sosai, duk suna cika ciki ba tare da sun kawo sinadarin ba, shayi ma rage tsotsarsa yake yi. A 2017 gwamnatinsu ta sa haraji kan abin sha mai sukari. Abin da ya fi damuna shi ne gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar jiki, kumburi na ɗaga shi. Sai takarda ta nuna lafiya lau, yaro ɓul-ɓul, iyaye na murna, alhali rumbu ya kusa zama fanko.

Anti Nas:
Kuma Hajiya, kada ki ce “ƙiba” ita kaɗai. A wajenmu yabo ce. In ka ce wa uwa ɗanta ya yi ƙiba, godiya za ta yi maka. Ki ce teɓa.

Ɗan Damagaram:
Teɓa ga yaro ɗan shekara takwas? Kamar zagi ne. Uwa za ta kashe rediyon.

Maman Ilham:
Gaskiyarka. Ga abin da na tsayar: “ƙiba fiye da kima” a ko'ina. A ɗaya ɓangaren, farkon ambato zan ce “sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, wanda likitoci ke kira ayon, a Nijar kuma fer”. Daga nan sai in ci gaba da “sinadarin haɗa jini”. Mai gadin ƙofar nan na Likita ma na ɗauka.

Likitan Yara:
Ba shi kaɗai ne ke haɗa jini ba, akwai folik asid da bitamin B12. Amma tunda kin fayyace a farko, zai wuce.

Malam Mai Nahawu:
Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Kalma uku inda biyu suka isa. Ban gamsu ba. Amma tunda ayon sau ɗaya zai fito, na yi shiru don shirin gobe. Ki ambaci tamar jini ko sau ɗaya ne, 'yata, ki ji abin da masu kiran waya za su ce.

Maman Ilham:
Zan jefa ta a ƙarshe a matsayin tambaya ga masu sauraro, Malam, in lokaci ya ragu. Kumburin cikin nan fa, “ɓoyayyen kumburi” ya yi, ko akwai mai wata? Ina nan har ƙarfe goma sha ɗaya.