Neman kalmar Hausa: me za mu kira "spoiler"?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina neman agaji kafin Juma'a. Ina gabatar da shirin rabin awa a rediyo, masu sauraro na bugo waya su faɗi ra'ayinsu kan finafinai masu dogon zango. Makon jiya wani ya bugo, kafin in ankara ya zayyana ƙarshen zangon gaba ɗaya, wa ya mutu, wa ya auri wa. Wata baiwar Allah ta turo saƙo cewa ta tara kashi shida a wayarta tana jiran ta samu sukuni, ga shi mun ɓata mata. Abin ya tsaya mini a rai. Ina so mu riƙa gargaɗi kafin a shiga irin wannan zance. Turawa na cewa "spoiler". Gajeriyar kalma nake so, wadda za a ji sau ɗaya a gane.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Fasa ƙwai. "Hattara, za mu fasa ƙwai." Kowa ya san ta.

Ummi Gwale: Ni kuma riga malam masallaci ce ta zo mini.

Baban Khalifa: Wannan azarɓaɓi take nufi, Ummi. Mai riga malam masallaci yana iya yin kuskure a hasashensa. Shi kuwa wannan ya riga ya kalla, gaskiya yake faɗa, gaskiyar ce ma ke ɓata wa mutane rai.

Ummi Gwale: To tonon silili fa?

Ɗan Damagaram: Tonon silili sai da abin kunya. Babu wanda aka kunyata a nan, daɗin kallo kawai aka rage. Ni na fi son "rage armashi".

Malam Na-Zazzau: Duk waɗannan jimloli ne, ba suna ba ne. Hausa na da hanyar ƙirar suna da ɗafa -au a ƙarshen aikatau: manta, mantau, makara, makarau, jimre, jimrau. To daga kwarmata sai mu samu kwarmatau. Kalma ɗaya tak, kuma ta bi ƙa'idar harshe. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Maman Hanifa: Allah ya gafarta Malam, na gode. Sai dai mantau mutum ne, makarau ma mutum ne. Kwarmatau zai zama shi mai bugo wayar ke nan. Ni kuwa sunan maganar nake nema, don in ce "akwai kaza a gaba, wanda bai kalla ba ya rage murya".

Malam Na-Zazzau: Sai ki ce kwarmato ga maganar, kwarmatau ga mai yin ta.

Baban Khalifa: Malam, kwarmata ta riga ta kama wuri a labarai. Da an ce "masu kwarmata bayanai" hankali na tafiya kan asirin gwamnati da takardun sirri, irin na Wikileaks. Mai sauraro zai zaci badaƙala za a bankaɗo.

Yaro Mai Caji: Anti, gaskiya mu a shago "sifoila" muke cewa. Masu zuwa a tura musu fim a waya kullum suna faɗa: "kar ka yi min sifoila." Ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarta.

Malam Na-Zazzau: Ga ciwon nan. Yaro, harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano zuwa Kumasi zuwa Sudan, a ce ya rasa kalmar abu ƙarami irin wannan sai ya yi bara? Sunan masana'antar ma kwaikwayo ne. Tun da mujallar Tauraruwa ta fito da "Kannywood" a 1999 muke bin sawun Hollywood, har a suna. Raina kai ne, ba wani abu ba.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Kalmar "labari" da muke ta juyawa tun ɗazu daga Larabci ta zo, haka littafi da alƙalami. Majigi da iyayenmu suka kalla a dandali zamanin Turawa, daga Turanci aka lanƙwaso ta, yau wa zai ce ba Hausa ba ce? Mu nan Nijar yaro na cewa zai tafi lakkwal, daga Faransanci, bai fasa zama Bahaushe ba.

Malam Na-Zazzau: Aron abin da ba ka da shi daban, watsar da naka daban. Injin majigi baƙo ne, dole ya zo da sunansa. Amma ɓata wa mutum labari ai tun zamanin tatsuniya ake yi.

Ummi Gwale: Nan kam Malam ya yi gaskiya. Muna yara kaka na cikin gatanan gatananku, yayanmu zai yi caraf ya ce ai gizo ne ya cinye. Sai ta ɗauke kai ta ce tunda ka sani ka ƙarasa, ta yi shiru abinta. Mu yi ta roƙo har barci ya kwashe mu.

Baban Khalifa: Mu a gidan kallo muka sha wannan. Fim ɗin Indiya na awa uku, zafi, an cika benci, sai wanda ya kalla jiya ya zauna a bayanka yana cewa "yanzu bos zai fito ta taga", "ai akta ba zai mutu ba". Na ga an fitar da mutum waje saboda haka. Kuma abin da ake ce masa shi ne "Malam, ka bar ba mu labari." Ba a sa wa abin suna ba, amma kowa ya san laifi ne.

Yaro Mai Caji: Da an ce a rediyo "sifoila" matasa za su gane nan take wallahi.

Maman Hanifa: Matasan birni za su gane, ƙanena. Mafi yawan masu bugo mini waya matan aure ne da dattawa, wasu daga ƙauyuka, masu bin Daɗin Kowa a Arewa24 shekara da shekaru. Su nake tunani.

Ɗan Damagaram: To ki duba yadda "zango" ta zauna. Ba kwamiti ne ya yanke ba. Kalmar fatake ce, inda ayari ke sauka ya huta, masu fim suka ɗauka, yanzu kowa na cewa zango na biyu, zango na uku. Tsohuwar kalma ce aka ba ta sabon aiki, shi ya sa ta shiga baki ba wahala. Fasa ƙwai ma haka za ta yi. Na janye rage armashi, sai dai a yi bayani da ita.

Malam Na-Zazzau: To ya za ku yi da sunan? Fashin ƙwai? Sai a zaci 'yan fashi ne.

Baban Khalifa: A bar ta yadda take, Malam. Ai muna cewa "cin fuska" da "sa ido", ba mu matse su sun koma kalma ɗaya ba. "Akwai fasa ƙwai a gaba."

Maman Hanifa: Lokaci ya ƙure mini, gobe da safe zan miƙa rubutun. Ga abin da na tsara: "Hattara masu sauraro, za mu fasa ƙwai. Wanda bai kalli kashin wannan mako ba ya rage muryar rediyonsa na minti biyar, kada mu rage masa armashi." Shi kuma mai bugo waya ya yi suɓutar baki, zan gwada kiran sa kwarmatau in ji ko za ta karɓu.

Malam Na-Zazzau: Ban gamsu ba, har yanzu karin magana ce, ba suna ba. Amma ta fi waccan ta yaron nan. Ki ja wasalin ƙarshe da kyau idan za ki faɗi kwarmatau, kuma ki dawo ranar Asabar ki gaya mana abin da masu sauraro suka ce.