Muhawara: Amita ne ya ɗaga Salim da Javed, ko su ne suka ɗaga shi?

Malam Sani: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga abin da nake da'awa, wanda bai yarda ba ya fito fili. Amitabh Bachchan ɗin da muka sani, mai fushi, mai ƙarancin magana, marubuta biyu ne suka ƙera shi a takarda, wato Salim Khan da Javed Akhtar. Kafin Zanjeer na 1973, yawancin finafinan da ya fito a jarumi faɗuwa suke yi. An kai wa Dev Anand da Raaj Kumar labarin ba su karɓa ba, su biyun nan ne suka nace wa darakta Prakash Mehra sai ya ɗauki Amita. Daga nan sai Deewaar da Sholay a 1975, Trishul da Don a 1978, Kaala Patthar a 1979, har Shakti a 1982. Ku cire waɗannan daga tarihinsa ku gaya mini abin da ya rage.

Habu Fagge: Wa alaikumus salam. Abin da ya rage yana da yawa, Malam. Amar Akbar Anthony na 1977 ba su suka rubuta ba. Muqaddar Ka Sikandar na 1978 ba su ba ne, Kader Khan ne ya rubuta kalamansa. Kabhi Kabhie fa? Tun a Anand na 1971, inda ya tsaya kusa da Rajesh Khanna, ya karɓi kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi. Mutum ne mai baiwa, ko ba su wani zai gano shi.

Malam Sani: Wani ɗin ya yi shekara huɗu bai gano shi ba, Habu. Kuma waɗanda ka lissafa, ban da Anand, duk bayan Zanjeer aka ba shi su.

Hajiya Binta: Ni tambayar da zan yi wa Habu ita ce, su marubutan sun ci kasuwa ba tare da Amita ba ko ba su ci ba? Sun ci. Haathi Mere Saathi na 1971, fim ɗin giwaye da ko yara sun san shi, da hannunsu a tsarin labarinsa. Seeta Aur Geeta na 1972 Hema Malini ce ta ɗauke shi a kanta, ta fito a tagwaye, ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma. Yaadon Ki Baaraat na 1973, 'yan'uwa uku da suka rabu suka gane juna da waƙar gidansu, babu Amita. Kranti na 1981 ma babu shi. Kafin su haɗu da shi sun riga sun iya aikinsu.

Auwalu: Ku yi haƙuri iyayena, ni ƙaraminku ne, amma akwai abin da ke damuna. Mutanen nan ba kwafa suka yi ba? Sholay labarin ƙauye ne da aka yi hayar mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi, kuma Akira Kurosawa na Japan ya yi shi tun 1954 a Seven Samurai, Amurkawa suka maimaita a 1960. Kisan iyalan Thakur, mutumin da ya yi hayar mayaƙan a Sholay, daga fim ɗin Sergio Leone na 1968 aka ɗauko salonsa. Seeta Aur Geeta kuwa Ram Aur Shyam ne, fim ɗin tagwaye maza, aka mayar da tagwayen mata. Idan mun zargi 'yan fim ɗinmu da kwafar Indiya, me ya sa za mu yaba wa waɗannan?

Kawu Idi: Auwalu, tambayarka tana kan hanya, kuma su kansu ba su ɓoye cewa sun yi aro ba. Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. Lokacin da muke shiga silima a Kano, a Plaza da Orion, babu fassarar Hausa, kuma yawancinmu ba ma jin Indiyanci. Duk da haka washegari yaro zai zauna a dakali ya ba ka labarin Deewaar tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Me ya sa? Saboda an gina labarin da abubuwan da ido ke gani.

Ka duba. An kama yaro an yi masa zane a hannu, an rubuta cewa ubansa ɓarawo ne, ya girma da rubutun a fatarsa. Yana goge takalma a bakin titi, wani mai kuɗi ya jefa masa kuɗin aikinsa a ƙasa, ya ƙi sunkuyawa sai an miƙa masa a hannu. Da ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, aka ba shi lambar ƙarfe mai 786, wani dattijo Musulmi ya gaya masa lamba ce mai albarka. Ta tare masa harsashi, ranar da ta suɓuce masa kuwa ranar ajalinsa ya zo. Sannan wurin faɗan cikin sito: shi da kansa ya kulle ƙofa, ya jefa wa shugaban 'yan daban makullin, ya ce ya ajiye a aljihu zai zo ya ɗauka. Duk wanda ke cikin silima ya gane abin da ake nufi ba tare da ya ji kalma ɗaya ba. Wannan ba jarumi ne ya kawo shi ba, wani ne ya zauna ya tsara cewa makullin zai tafi aljihun maƙiyi.

Habu Fagge: Kawu, da girmamawa, hujjarka tawa ce. Tunda ba ku jin yaren, abin da ya riƙe ku fuskarsa ce da muryarsa da tsayinsa. Ka sa wani jarumin ya jefa makullin nan ka ga ko silima za ta yi tsit.

Kawu Idi: Ban raina shi ba, ɗana. Riga ce aka ɗinka daidai jikinsa, ya kuma iya sa ta. Amma mun ga fuskar nan da muryar nan a finafinai da yawa da ba wanda ya iya ba da labarinsu washegari.

Hajiya Binta: Auwalu, kan maganar aro: ƙashin bayan Deewaar ma daga Mother India da Gunga Jumna yake, ɗan'uwa mai bin doka da ɗan'uwa mai karya ta, uwa a tsakiya. Abin da suka ƙara shi ne suka kawo shi birnin Bombay na shekarun 1970, lokacin tsadar rayuwa da yajin aiki da fasa-ƙwauri. Uban yaran shugaban ƙungiyar ma'aikata ne da aka tilasta wa sa hannu ya sayar da 'yan'uwansa. Kaala Patthar kuma sun jingina shi da haɗarin mahaƙar kwal ta Chasnala na 1975. Aron da ake kuka da shi a wajenmu shi ne a ɗauko har tufafi da rawa ba a tambayi ko sun dace da gidan da aka kawo su ba.

Inda ni nake da ƙorafi da su shi ne mata. Da suka koma rubuta wa Amita, matan suka ragu, uwa mai haƙuri ko budurwa mai jira. Radha ta Sholay, bazawarar da ke kashe fitilu da daddare, kusan ba ta magana.

Maryam marubuciya: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinsu shi ne fenti. Da Zanjeer zai fito ba a sa sunansu a fasta ba, suka ɗauki hayar mai fenti ya bi garin Bombay yana buga sunan Salim-Javed a kan fastocin. A lokacin marubuci ba a bakin komai yake ba. Salim ya shafe shekaru yana ƙananan fitowa a fim kafin ya koma rubutu, Javed kuma ya fara da riƙe allon da ake bugawa kafin ɗaukar hoto. Na taɓa rubuta wa wani furodusa labari, fim ya fito, sunana bai fito ko a ƙarshe ba, cikon kuɗina ma har yau shiru. Don haka idan Habu ya ce jarumi ne komai, na san inda maganar take ƙarewa, a aljihun marubuci take ƙarewa.

Habu Fagge: Allah ya bi miki haƙƙinki, 'yar'uwa, ban ce a danne marubuci ba. Amma mu duba bayan rabuwarsu a 1982. Amita ya ci gaba da cika silima da Coolie a 1983 da Mard a 1985. Su fa?

Malam Sani: Ba su mutu ba. Salim ya rubuta Naam na 1986 da ya farfaɗo da Sanjay Dutt. Javed ya rubuta Betaab da Meri Jung, sannan ya zama babban marubucin waƙoƙin fim, har ya shiga majalisar dattawan Indiya ya tsaya kan gyaran dokar haƙƙin mallaka ta 2012. Mr. India da ya fito a 1987 ma tun suna tare suka faro shi. Amma na yarda ba ɗayansu da ya sake kai matsayin da suka kai tare. Salim ya fi ƙarfi wajen ƙulla labari, Javed wajen kalamai, tsarin fitowa-fitowa kuma tare suke zama su yi. Kuma ka kwatanta Mard da Deewaar da kanka ka gaya mini wanne ne mutum zai kalla yau bai ji kunya ba.

Auwalu: To amma suna da wanda ya faɗi ai. Immaan Dharam na 1977, su suka rubuta, Amita yana ciki, bai yi kasuwa ba.

Malam Sani: Gaskiya ne. Wannan ya nuna suna kuskure, ya kuma nuna Amita ba ya iya ceton labarin da bai ƙullu ba.

Habu Fagge: Zanjeer da Deewaar na bar muku. Sholay kam ban bari ba. Fim ɗin da ya yi shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay aikin darakta Ramesh Sippy ne da duwatsun Ramanagara inda aka ɗauke shi da kiɗan R. D. Burman da Dharmendra, wanda iyayenmu ke kira Sarkin Ƙarfi. Kuma wanda ya fi kowa tashe a ciki bos ne, Amjad Khan da ya fito a Gabbar Singh, wanda ya samu wurin bayan Danny Denzongpa ya tafi wani aikin. Su marubutan nan har shakkar muryarsa suka yi ana cikin ɗauka, suna ganin ba ta kai ta bos ba. Muryar da suka yi shakka ita mutane suka riƙa sayen faifanta suna saurare a gida.

Kawu Idi: Faifan kalamai aka saya, Habu, kuma kalaman wani ne ya rubuta su. Shi kansa sunan Gabbar Singh na wani ɗan fashi ne na gaske da ya addabi yankin Gwalior a shekarun 1950, Salim ya ji labarinsa a bakin mahaifinsa, wanda ɗan sanda ne a Indore.