Tambaya kan tafiyar sauti cikin bututun da aka zuƙe wa iska

Ɗalibi, Tudun Wada: Assalamu alaikum, malamai. Idan aka zuƙe mafi yawan iskar dogon bututu, shin girgizar matsin iska, wato sauti, tana rage gudu ne?

Injiniya, Kakuri: Wa alaikumus salam. Gudunta ba ya sauyawa sosai, domin zafin iska ne ke ƙayyade shi, ba matsinta ba; kimanin mita 343 ne a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20. Ƙarfinta ne ke raguwa, saboda gogayya da bangon bututu tana mayar da shi zafi, musamman a matsattsen bututu.

Malama, Unguwar Rimi: Haka ne, ɗana. Kuma idan iskar ta yi ƙaranci ainun, ƙwayoyinta ba sa yawan cin karo da juna, sai siririn sauti ya riga kakkaura mutuwa.