Rabon 'yan gudu zuwa rukuni da layi ta manhaja

Mai Horar da 'Yan Gudu:
Assalamu alaikum. Muna shirya gasar makarantu, kuma 'yan gudu 24 ne suka yi rajistar tseren mita 100 a fili mai layi 8. Ta yaya manhajar Hy-Tek Meet Manager take raba su, don kada gwanaye su taru a rukuni ɗaya?

Alƙalin Fili:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara shigar da mafi kyawun lokacin kowane yaro. Manhajar za ta jera su daga mafi sauri, sannan ta raba su da tafiyar maciji: rukunin farko ya sami na 1, 6 da 7, na biyu ya sami na 2, 5 da 8, na uku kuma na 3, 4 da 9, haka har ƙarshe. A zagayen farko, ƙuri'a ce ke ba da layi.

Tsohon Ɗan Tsere:
A zagayen ƙarshe kuwa, dokar World Athletics, wato hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ta ware layi na 3 zuwa 6 ga huɗun da suka fi ƙwazo. Sai dai ka duba jerin da idonka kafin ka buga shi, domin idan yara biyu daga makaranta ɗaya suka faɗa rukuni ɗaya, ya fi dacewa a raba su.